Littafin Janar ya fito, na Yekini da na Samanja fa?

Baban Sadiya:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Wata magana ce ta tsaya mini a rai tun makon jiya, na ce bari in kawo ta nan. Ɗana ne ya aro mini littafin tarihin rayuwar Janar Ibrahim Babangida, wanda aka ƙaddamar a Abuja ranar 20 ga Fabrairun 2025. Na karanta shi daga bango zuwa bango. Yana da daɗin karatu, kuma a ciki ya amsa cewa Abiola ne ya lashe zaɓen 12 ga Yunin 1993, maganar da aka yi shekara fiye da talatin ana jiran ta daga bakinsa.

To da na rufe littafin sai na ɗaga kai na dubi kantar littattafaina. Ga Sardauna har sau biyu, wanda ya fitar da kansa a 1962 da kuma ƙaton nan na John Paden na 1986. Ga Tafawa Ɓalewa na Trevor Clark. Ga Shagari, ga Malam Aminu Kano, ga Sheikh Abubakar Gumi. Duk masu mulki ne ko manyan malamai, kuma waɗanda ke hannuna duk da Turanci suke.

Na yi shekara talatin da biyu ina koyarwa a garin nan. In ka tambaye ni wanda ya fi shiga gidajen mutanen Kaduna, ba gwamna zan ambata ba. Samanja Mazan Fama zan ce, Usman Baba Pategi, ɗan wasan kwaikwayo, wanda ya rasu a 2023. Sai Ƙasimu Yero da ya riga shi a 2017. Sai Rashidi Yekini, wanda a nan aka haife shi, a nan ya fara buga ƙwallo. Jikana ɗan shekara goma sha huɗu ya san takalmin da Ronaldo yake sawa, amma da na ce masa Yekini ɗan Kaduna ne sai ya zaro ido. Wa zai rubuta waɗannan? Kuma me ya sa sai mai kuɗi ko mai mulki ake rubuta wa tarihi?

Mai Littattafai:
Wa alaikumus salam Malam. Ni da nake zaune a shagon littattafai shekara da shekaru zan ba ka amsar ɓangare na biyu, don a gabana ake yi. Littafin tarihin babban mutum ba don a sayar a shago ake buga shi ba. Ranar ƙaddamarwa ake mayar da kuɗi har da riba. A kama babban zaure, a gayyato attajirai da gwamnoni, wannan ya tashi ya ce ya sayi kwafi goma a kan miliyan kaza, wancan ya ninka. A taron Babangida biliyoyin naira aka yi alkawari don gina laburarensa. Daga ranar, ko mutum ɗaya bai sake sayen littafin ba, marubuci da maɗaba'a sun fita. To ka gaya mini, wa zai cika zaure da attajirai saboda tarihin ɗan dambe ko ɗan wasan kwaikwayo na rediyo? Takarda ta yi tsada, tawada ta yi tsada, injin buga littafi da dizal yake aiki. Wanda ya zuba kuɗinsa ya buga kwafi dubu ɗaya na tarihin mawaƙi, sai ya shekara uku yana bin shaguna yana tambayarmu ko an sayi biyar. Ba rashin so ba ne, lissafi ne.

Ɗan Kakuri:
Malam, ka taɓo mini inda yake mini ƙaiƙayi. Na yi aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri tun ina saurayi har gashina ya fara fari. A zamanin, masaƙa ba zane kawai take fitarwa ba, har da 'yan ƙwallo. Ƙungiyar masaƙar UNTL ita Yekini ya fara bugawa a farkon shekarun 1980 kafin ya tafi Shooting Stars ta Ibadan. Daga nan Abiola Babes, sai Africa Sports ta Abidjan, sai Vitoria Setubal a Fotugal. Ya zama gwarzon ɗan ƙwallon Afirka a 1993. Ƙwallo 37 ya ci wa Nijeriya. Ranar da ya ci Bulgeriya a Amurka a 1994, ƙwallon farko da ƙasar nan ta taɓa ci a gasar kofin duniya, ya kama raga yana jijjigawa yana kuka, wallahi a layinmu har waɗanda ba su damu da ƙwallo ba sai da suka fito waje. Mu kuwa ji muka yi kamar ɗan gidanmu ne ya ci. Yau masaƙun sun yi shiru, ciyawa ta cinye filayen, waɗanda suka san yadda aka yi kuma muna ta raguwa. A bara kaɗai abokan aikina uku muka kai maƙabarta.

Ɗan Bees:
Kawu, Allah ya ƙara lafiya. Ka bar ni in ƙara a kan naka, don abin ya wuce Yekini shi kaɗai. Ku dubi tawagar da ta ciyo zinare a Atlanta a 1996, wadda ta doke Barazil 4 da 3, ta doke Ajantina 3 da 2 a wasan ƙarshe. Daniel Amokachi, Tijjani Babangida, Garba Lawal, Celestine Babayaro da yayansa Emmanuel mai tsaron gida, duk 'yan Kaduna ne. A wasan ƙarshen nan ƙwallaye biyu cikin ukun 'yan garin nan suka ci, Celestine da Amokachi. Ranchers Bees ta kai wasan ƙarshe na kofin zakarun kofuna na Afirka a 1988, ta ɗauki kofin Afirka ta Yamma a 1989, daga cikinta Amokachi ya fita zuwa Club Brugge har ya ɗauki kofin FA da Everton a 1995. Wane gari ne a Arewa yake da irin wannan? Amma ni duk abin nan a guntu-guntun bidiyo da hirar majalisa na tsince shi. Babu inda zan buɗe in karanta yadda yaro yake tashi daga filin unguwa ya kai Ajax. Wa ya koya masa? Wa ya saya masa takalmin farko? Iyayensa sun yarda ko da bulala aka fara?

Maman Ilham:
Sannunku da hira. Na karanta tun daga sama ina jira in ji an ambaci mace ko ɗaya, shiru. Baban Sadiya, ka ce ana mantawa da talaka, gaskiya ne, amma kai ma da ka tashi lissafo waɗanda aka manta, maza ka lissafo. Hajiya Gambo Sawaba 'yar Zariya ce, an haife ta a 1933, ta rasu a 2001. Ta sha ɗauri da duka a zamanin NEPU saboda neman a bai wa matan Arewa damar jefa ƙuri'a, abin da bai tabbata ba sai a shekarun 1970. An sa wa asibiti sunanta a Zariya, kuma an rubuta tarihinta da Turanci, amma je ki tambayi 'yan matan da ke layin awo a asibitin wace ce ita. Barmani Choge ta rasu a Funtuwa a 2013, matar da babu gidan biki a ƙasar Hausa da ba a kaɗa ƙwarya da waƙarta ba. Daso 'yar fim ta tafi a 2024. Su waye suka zauna da su suka ɗauki labarinsu tun daga ƙuruciya?

Baban Sadiya:
Hajiya, kin kama ni, kuma na karɓa. Ban lura ba sai da kika faɗa.

Auta 'Yar Kawo:
Assalamu alaikum iyayena. Ni ƙarama ce a nan, tarihi nake karantawa a jami'a, ku yi mini afuwa in na yi kuskure. Maganar Anti Maman Ilham ta tuna mini da littafin da ya fi taɓa ni a duk abin da aka ba mu mu karanta. Labarin wata tsohuwa ce, Baba mutuniyar Karo, wadda ba sarauniya ba ce, ba malama ba ce, ba ta da dukiya. Wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da ita a ƙasar Zazzau wajen 1949 zuwa 1950, Baba tana ba da labari da Hausa ita tana rubutawa, littafin ya fito da Turanci a 1954 bayan Baba ta rasu. A ciki akwai harin kama bayi, akwai zuwan Turawa kamar yadda matan cikin gida suka gan shi, akwai aure da saki, ƙawance, riƙon 'ya'ya, bori, girki. Abin da na koya a kan rayuwar kakanninmu mata daga wannan tsohuwa ɗaya, ban same shi a tarihin sarakuna goma ba. Kuma abin da ya ci wa marubuciyar shi ne zama da haƙuri da alƙalami. Shi ya sa nake ganin maganar Alhaji Mai Littattafai gaskiya ce a kan bugawa, amma ba gaskiya ba ce a kan tattarawa. Tattarawa ba ta buƙatar attajiri. Wayar da ke hannun kowannenmu tana ɗaukar murya.

Mai Littattafai:
'Yata, kin yi magana. Sai dai ki sani, Baturiyar nan tare da mijinta ta zo, shi yana bincikensa, akwai abin da ke riƙe da su. Zama da tsoho wata uku yana buƙatar wanda zai ciyar da gidanka. Amma ban musa ba, an taɓa yin irin wannan aiki a nan gida kuma da Hausa. Littafin tarihin Mamman Shata da Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar a 2006, shekara bakwai bayan rasuwar Shata, ƙaton littafi ne, sun bi garuruwa, sun yi hira da iyali da makaɗa da 'yan amshi da waɗanda aka yi wa waƙa. Shi kam na ga mutanen da ba su saba shiga shagon littafi ba suna zuwa nemansa, direbobi da 'yan kasuwa. Wani ma bai iya karatu sosai ba, ya ce ɗansa zai riƙa karanta masa. Ka ga ashe in an rubuta wanda mutane suke so, da harshen da suke ji, ana saye. Wahalar ita ce samun mai jurewa.

Ustaz na Rigasa:
Assalamu alaikum. Ina tare da ku a kan a rubuta, amma ina da tsoro guda, kuma ina so a dube shi da idon basira. Rubuta tarihin mutum amana ce, kuma mafi yawan waɗanda kuke ambata sun riga mu gidan gaskiya. Hadisi ya tabbata a Bukhari daga Nana A'isha cewa kada a zagi matattu, domin sun isa ga abin da suka gabatar. Mawaƙi ko ɗan ƙwallo ko ɗan wasa mutum ne, yana da abin da ya yi a ƙuruciya wanda ya tuba, Allah ya rufa masa asiri. Yana da 'ya'ya mata a gidajen aure. In marubuci ya zo da sunan gaskiya ya tone komai, wa ya amfana? Hausawa suka ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Na ga yadda ake yi a soshiyal midiya, mutum ya rasu da safe, kafin a yi masa sallah an fara baje kolin laifinsa. Ba na son mu ɗauki wannan ɗabi'a mu sa mata bango mu kira ta littafi.

Ɗan Bees:
Allah gafarta Malam, to in haka ne ai kirari za a rubuta ba tarihi ba. Irin littattafan nan da za ka buɗe ka ga an haifi mutum cikin haske, ya yi makaranta yana ta zuwa na ɗaya, bai taɓa kuskure ba, bai taɓa faɗa da kowa ba, ya rasu kowa na kuka. Wa zai koyi wani abu a ciki? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ɗauki Yekini. Ya rasu ranar 4 ga Mayun 2012 yana da shekara 48, bayan ya yi shekarun ƙarshe a Ibadan cikin kaɗaici, ana ta maganganu a kan lafiyarsa. In aka rubuta ƙwallaye 37 aka tsallake wannan, an cuci yaran da ke tasowa, domin darasin yana wurin: yadda ƙasa take tafa wa mutum yana fili, in ya sauka ta juya baya.

Ustaz na Rigasa:
Ɗana, ban ce a yi ƙarya ba, kuma ban ce a yi kirari ba. Bari in fayyace, don kada a ɗauka addini ne ya hana rubuta tarihin mutane. Mu ne ma muka fi kowa daɗewa a wannan fanni. Malaman hadisi sun rubuta tarihin dubban masu ruwaya, suka ce wane amintacce ne, wane mai mantuwa ne, wane maƙaryaci ne, da sunansa da sunan ubansa, saboda kare addini. Ahmad Baba na Tumbuktu, wanda ya rasu a 1627, ya tattara tarihin malaman mazhabar Malikiyya a Nailul Ibtihaj. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta Infaƙul Maisuri, Waziri Giɗaɗo ya rubuta Raulul Jinani a kan Shehu Usmanu. Nana Asma'u ta yi marsiyyoyin mutanen zamaninta, maza da mata, ta ambaci halayensu ɗaya bayan ɗaya. Imamu Nawawi kuma ya kawo wurare shida da ambaton aibin mutum yake halatta saboda maslaha.

Ma'aunin da nake bi shi ne wannan: abin da mutum ya yi wa jama'a, na jama'a ne. Wanda ya riƙe mulki ya soke zaɓe, ko ya sa hannu aka kashe wani, ko ya ci dukiyar al'umma, ba shi da haƙƙin a rufe wannan, ko yana raye ko ya mutu. Amma abin da ke tsakaninsa da matarsa, ko ciwon da ya yi fama da shi a ɗaki, wannan na iyalinsa ne, sai da izininsu. A maganar Yekini, a rubuta yadda hukumomi da abokai da mu masu kallo muka yi sakaci da shi, wannan laifinmu ne kuma ya kamata a faɗa. Amma a je ana ƙirga abin da ya faɗa ko ya yi lokacin da ba shi da lafiya, wannan ban ga amfaninsa ba.

Baban Sadiya:
Ustaz, wannan rarrabewa ta yi mini, sai dai ina ganin a aikace layin ba ya fitowa sarai kamar yadda ka zana shi. Bari in koma kan littafin Janar, don shi ne misalin da ke gabana. Ya amsa cewa Abiola ya ci zaɓe, ya ce ya ɗauki alhaki, amma nauyin sokewar ya karkata shi ga wasu hafsoshi ƙarƙashin Janar Abacha. Abacha ya rasu tun 1998, Abiola ma haka. Mamman Vatsa, abokin Babangida na ƙuruciya kuma marubucin waƙoƙi, an harbe shi a 1986 bisa zargin juyin mulki. Duk waɗanda za su ce ba haka aka yi ba suna ƙarƙashin ƙasa. Iyalan Abacha sun fito sun musanta, amma martani a jarida kwana biyu yake yi, littafi kuwa yana nan a laburare shekara ɗari. To ka ga wanda ya daɗe a duniya kuma yake da abin buga littafi, shi ne yake yanke wa matattu hukunci. Ni ban ce ƙarya ya yi ba, ban kasance a wurin ba. Abin da nake cewa, shaidar mutum ɗaya ce a shari'ar da shi ma ake tuhuma. A karanta ta a matsayin haka.

Wannan ne ma ya sa nake ganin rubuta tarihin ƙananan mutane ba alfarma ba ce ake yi musu. Direban da ya tuƙa babban mutum, magatakardan da ya buga takardar, ma'aikacin rediyon da aka miƙa wa sanarwa ya karanta, su ma shaidu ne. In ba a ɗauki nasu ba, na mai gida kaɗai zai rage.

Mai Littattafai:
Ƙari a kan wannan, Malam. Yawancin tarihin manyan da ke raye, su suke ɗaukar marubucin, su ba shi masauki da mota da kuɗin aiki, su karanta kafin a kai maɗaba'a. Baki ya ci, ido ya ji kunya. Shi ya sa in mai saye ya tambaye ni, nakan ce ya fara duba shafin godiya. In ka ga wanda aka rubuta shi ne aka fara yi wa godiyar ɗaukar nauyi, ka san irin karatun da za ka yi.

Ɗan Rigasa Sabo:
Ni fa ina da tambaya, kada a ji haushi. Zauren nan na Hausawa ne, amma sunayen da ake ta kawowa, Yekini asalinsa Kwara ne, can ma aka binne shi. Samanja Banufe ne daga Pategi. Amokachi da su Babayaro ma ba Hausawa ba ne. Me zai hana mu fara da namu, su Shago da Ɗan Anace, su Narambaɗa, kowa ya rubuta nasa?

Ɗan Kakuri:
Yaro, zo in gaya maka. Garin nan ba irin Kano ko Katsina ba ne mai ganuwa da shekara dubu. Turawa suka dawo da hedikwatar Arewa nan daga Zungeru wajen 1917, jirgin ƙasa da barikin soja da aikin gwamnati da masaƙu suka tara mutane daga ko'ina. A sashen da na yi aiki akwai Bahaushe, Bajju, Tibi, Bayarabe, Igala, Banufe, kuma da Hausa muke magana dukkanmu, da ita muke faɗa, da ita muke shiryawa. Samanja da wane harshe ya ba ka dariya? Hausar barikin da yake yi, wadda ya kwaso daga aikin soja da ya yi da gaske, ita ce Hausar Kaduna ta wancan lokaci. Amokachi in ya buɗe baki da Hausa ba za ka ce ba a Tudun Wada aka yi masa wankan jego ba. In ka cire waɗannan daga tarihin Kaduna, me ya rage? Kuma tun da rikice-rikicen 2000 da 2002 suka raba garin, wasu suka koma kudu da kogi wasu arewa, yaran yanzu ba su san an taɓa zama a cakuɗe ba. Tarihin ƙungiyar ƙwallo ɗaya ta wancan zamani zai nuna musu abin da wa'azi goma bai nuna ba. Shago da Narambaɗa a rubuta su, ina so. Amma ba a ce sai an ture wani ba.

Ɗan Rigasa Sabo:
Na fahimta Kawu. A Rigasa na tashi bayan an riga an rabu, abin da na tarar ke nan.

Maman Ilham:
Abin da Kawu ya faɗa shi ya sa ni hawaye. Mahaifiyata tana da ƙawa Kirista da suka yi zaman haya gida ɗaya a Kakuri, ita ta karɓi haihuwata. Bayan rikici ba su sake haɗuwa ba har mahaifiyata ta rasu. Na sha cewa zan zauna da mahaifiyar tawa in ɗauki labarinta, kullum sai in ce sai an samu lokaci. Yanzu ko sunan mahaifin ƙawar tata ban sani ba balle in nemi 'ya'yanta. Don haka Auta, in da gaske kike, kada ki jira ki gama makaranta.

Auta 'Yar Kawo:
Allah ya jiƙan Mama, Anti. Da gaske nake. Kuma kayan aikin suna kusa da mu fiye da yadda muke zato. Gidan Arewa da ke kan titin Rabah, inda gidan Sardauna yake, inda aka kashe shi ranar 15 ga Janairun 1966, cibiyar bincike ce ta Jami'ar Ahmadu Bello, Farfesa Abdullahi Smith ya assasa ta a 1970. Akwai laburare da ɗakin adana takardu. Akwai kuma reshen ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa a nan cikin gari. Tsofaffin jaridu irin New Nigerian, wadda aka fara bugawa a Kaduna a farkon 1966, da Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta faro tun 1939 da Abubakar Imam, shafukansu na baya cike suke da labarin wasanni da hotuna. Daga nan ake samun ranaku da sakamako, don ƙwaƙwalwar tsoho takan haɗa wasan bara da na bana. Malaminmu yakan ce mu ji daga baki, mu tabbatar a takarda, in sun saɓa mu rubuta duka biyun mu faɗi wanda ya faɗi kowanne. Abin da takarda ba za ta ba ka ba shi ne yadda filin yake wari bayan ruwan sama, da waƙar da 'yan kallo suke yi, da wanda yake dafa wa 'yan wasa abinci. Wannan sai wajen su Kawu.

Kawu Ɗan Kakuri, in ka amince, ni da Yaya Ɗan Bees mu zo mu fara da kai. Ba tarihin Yekini kaɗai ba, naka.

Ɗan Kakuri:
Nawa kuma? Ni me na yi da za a rubuta, 'yata? Zare na ɗaura shekara ashirin da wani abu.

Baban Sadiya:
Shi ake nema, Alhaji. Ita ma Baba ta Karo da an tambaye ta haka za ta ce. Ni zan ɗauki gyaran rubutun, Hausar da ƙa'idarta, aikina ne tun ina aji. Amma da sharaɗi: da Hausa za a fara rubuta shi. Wanda yake son Turanci ya fassara daga baya.

Ustaz na Rigasa:
Ni ma da nawa sharaɗin. Duk abin da aka ɗauka, a karanta wa mai labarin kafin ya fita, kuma in ya ambaci wani da abin da zai ɓata masa suna, a nemi ɓangaren wancan ko na iyalinsa. Kada mu yi abin da muka gama kuka da shi a sama.

Ɗan Bees:
Na yarda da a nemi ɗaya ɓangaren. Ban yarda mai labari ya goge duk abin da bai yi masa daɗi ba bayan ya faɗa da bakinsa. Wannan za mu ci gaba da jayayya a kai, Malam, ban sauka ba.

Mai Littattafai:
Ku yi ta jayayyarku, ku dai kawo rubutu. In ya kai shafi ɗari, na san masu injin da za su buga kwafi kaɗan a fara gani, kuma zan ajiye shi a gaban kanta ba a lungu ba. Kada ku sa rai da riba.

Ɗan Kakuri:
To shi ke nan, na amince. Ku zo ranar Asabar bayan la'asar, da safe ina kai jikoki Islamiyya. Akwai wata tsohuwar gwangwanin biskit a ƙarƙashin gado, cike take da hotuna, da katin shaidar aiki, da tikitin shiga filin wasa na Ahmadu Bello da ban san dalilin da ya sa na ajiye ba. Zan kuma aika a kira mini wani abokina da ke Nasarawa, shi ya fi ni riƙe sunayen 'yan wasa, sai dai kunnensa ya yi nauyi, sai kun ɗaga murya. Abu ɗaya ne ba zan faɗa a rikoda ba, abin da idona ya gani a layinmu a watan Fabrairun 2000. Wannan in kun kashe wayar zan gaya muku, ku kuma ku san yadda za ku yi da shi bayan raina.